Yashi a Injin Baba Direba

Da hantsi Bahago ya iso ƙofar gidana, hannuwansa duk baƙin mai, ko gaisuwar kirki bai iya yi ba. Bakanike ne, bai daɗe da samun rumfa a layin gareji ba, kuma da hagu yake riƙe sifana, shi ya sa sunan ya bi shi.

"Kawu, za su rufe mini rumfa," ya ce. "Wai na zuba yashi a injin mutum."

"Ka zuba?"

"Wallahi ban zuba ba."

"To miƙo mini takalmina."

Ni dai ba bakanike ba ne, gara in faɗa muku tun yanzu. Bin sawu ne sana'ata, Mai Sawu ake ce mini. Da ƙuruciya na bi sawun dabbobin da aka sace, da na manyanta na koma bin na mutane, kuma har yau sawu bai taɓa kai ni ƙofar da ba ita ba ce. Masu cewa ina da cika baki ba su yi ƙarya ba, amma in kayansu ya ɓata ƙofata suke bugawa.

A hanya ya ba ni labarin. Motar ta Baba Direba ce, tsohon direban manyan motoci da ya ajiye aiki. Duk layin gareji sun tashi sun tarar da shi yana tuƙi, kuma ba wanda ya taɓa jin ya goge ko kaza. Tsohuwar ƙaramar mota ce ta rage masa, yana lallaɓa ta kamar jaririya, kuma da ita yake kai tagwayen 'yarsa makaranta kullum. Kwanan baya ya kawo ta Bahago ya canja mata baƙin mai. Ba a jima ba injin ya buga a kan hanya, tsohon yana ciki shi kaɗai. Shi ya ce a bar ta, kwananta ya ƙare. 'Yarsa, wadda ake kira Uwar Biyu, ta ce ba ta san wannan ba, ta kira janwe aka jawo motar gareji don a sake haɗa injin.

Bahago kuwa yana da tsarin aikinsa. Ba ya haɗa inji sai ya buɗe shi a gaban mai shi, ya jera kayan a kan katako, ya duba abin da ya cinye da abin da zai ƙara moruwa. Kuma ba ya wanke komai sai ya gama dubawa. A gaban Uwar Biyu da mahaifinta ya kwance kaskon baƙin mai da ke ƙasan injin, ya sa yatsa a ciki, sai ga yashi.

* * *

Mun tarar da layin ya cika. Masu faci, masu fenti, masu wayarin, kowa ya bar aikinsa ya zo kallo. Ciyaman, shugaban masu garejin, yana tsaye a bakin rumfar da ƙaton kwaɗo a hannu, yana buɗe shi yana rufewa. Dogo mai walda, wanda rumfarsa ke manne da ta Bahago, shi ya fi kowa ɗaga murya.

"Wa ya buɗe injin nan na ƙarshe? Shi. Wa zai samu babban aiki in ya lalace? Shi. Me kuma ake jira?"

"Wanda ya zuba yashi zai buɗe inji a gaban mai shi?" na tambaya.

"Ai wayon ke nan," in ji Dogo. Jama'a suka gyaɗa kai.

Uwar Biyu tana gefe, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Kawu, amana na ba shi. Tun ranar da motar nan ta tsaya Baba ko ƙofar gida ba ya leƙawa, yau ma da ƙyar na fito da shi. Dubi yadda ya koma."

Na duba. Baba Direba na zaune a kan benci, kansa a ƙasa, hannuwa a kan gwiwa.

Ciyaman ya ce, "Mai Sawu, ba mu son zalunci, amma sunan layin nan ya fi rumfa ɗaya. Da yamma za mu zauna. In ka kawo wani, to. In ba ka kawo ba, kwaɗon nan zai hau ƙofar nan, ya kwashe kayansa ya bar mana layi."

Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Bakaniken da aka kora saboda zuba yashi, ko keke ba wanda zai sake ba shi gyara. Ga matarsa da tsohon ciki.

Na ce, "Na ji. Yanzu kowa ya koma bakin aikinsa, kun tattake mini ƙasa kamar garken awaki."

* * *

Da aka watse na sa Bahago ya tsuguna kusa da ni gaban katakon. Na ce, "Kai ka san ƙarfe, ni na san sawu. Karanta mini, ni kuma in gaya maka inda ya nufa."

Nan take ya dawo hayyacinsa. Mutum in ya dawo kan abin da ya iya, ko murya sai ta canja. Ya kama yatsana ya zura a bakin silinda, ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki.

"Shafa nan sama, Kawu. Injin da ya sha wahala, fistin yakan cinye bangon ya bar gaɓa a nan, har farce ya maƙale. Me ka ji?"

"Da ƙyar na ji wani abu."

"To ka gani. Injin da ya girme ni, amma bangonsa sumul. Ba a taɓa barin shi da ƙishin mai ba, ba a taɓa barin shi ya yi zafi ba."

Sai ya juyo da karanshaf, sandar ƙarfen nan mai gwiwoyi da ke juyawa a ƙasan inji. Inda ya kamata ta yi santsi kamar madubi, duk ta yi zane-zane, sababbi fil, suna ƙyalli. Ya nuna mini 'yan ƙarafa masu laushi da take kwanciya a kansu, waɗanda suke kira metal. Ƙwayoyin yashi sun nutse a cikinsu.

"Wato injin ya yi tafiya da yashin a cikinsa," na ce.

"Ya yi. Kuma ba ta wurin shaƙar iska ya shiga ba, da sama zai fara ci. Ta wurin zuba mai aka ba shi."

Na sa ya wanke ɗan yashin da fetur a murfin gwangwani. Ya fito fari tas, laushi kamar gari, ba tsakuwa ko ɗaya. Bahago ya murza shi a yatsa, ya ɓata fuska.

"An tankaɗe wannan. Akwai 'yar rariya a bakin famfon mai, tana tare manyan ƙwayoyi. Wanda ya yi aikin nan ya san da ita."

"Ka ga kana ƙara wa kanka laifi," na ce. "Wa ya fi bakanike sanin wannan?"

Ya yi tsuru-tsuru. Na yi dariya na ce ya ci gaba.

"Akwai abin da ya ɗaure mini kai," ya ce, ya ɗago faifan kuloci. Ya ƙone har ya yi shuɗi-shuɗi. Kawunan fistin kuma sun yi dam da baƙin hayaƙi. "Wannan ba aikin yashi ba ne. Shekara da shekaru gwani ne ke tuƙa motar nan, bangon silinda ya shaida. Amma 'yan watannin nan wani ɗan koyo ne ke jan ta. Ƙafarsa ba ta sauka daga kan kuloci, kuma rarrafe yake yi, ba ya barin injin ya buɗe ƙirji. Tuƙin matsoraci ne."

Na riƙe wannan a raina. Daga nan idona ya faɗa kan murfin saman injin, wanda ya jingine a ƙarshen katakon. Ƙura da maiƙo sun yi masa riga, kuma Allah ya yi wa Bahago albarka da bai wanke shi ba. Na ɗauke shi ta gefe-gefe na fita da shi rana, na karkata shi.

Sawun hannu biyu na gani. Na ƙasa na hagu ne, ya sauka kai tsaye a kan marfin zuba mai, ya murɗa, ya tashi, har ƙura ta fara rufe shi. Wannan na Bahago ne ranar canjin mai. Na biyun na dama ne, kuma ya taka na farko, wato daga baya ya zo. Shi bai faro daga marfin ba. Daga can bakin gaba ya faro, yatsu a jere, suna jan jiki, suna tsayawa a kan kowane noti, har suka iso marfin suka zagaye shi.

Na ce a raina, wannan a cikin duhu ya yi aikinsa.

"Kada ka bari ko ƙuda ya sauka a kan murfin nan," na ce wa Bahago.

* * *

Wurin Dogo na fara zuwa. Yana ganina ya kashe injin waldarsa, ya ɗaga gilashin fuska.

"Na ji an ce kana son rumfar Bahago," na ce.

"Ina so mana. Tun kafin ya zo nake nemanta, aka ba baƙo. Son rumfa laifi ne?"

"A'a. Amma wanda ya fi kowa ihu, shi nake fara duba wa hannu. Miƙo."

Ya miƙo. Hannu kamar shebur, yatsu biyu nasa sun kai faɗin uku na sawun da na gani. Na duba ƙasan rumfarsa kuma, garin da dutsen wasa ƙarfensa ke zubarwa baƙi ne, ba fari ba.

"Ranar canjin mai, motar ta daɗe a nan?"

"Ina fa. Tsohon ko fitowa bai yi ba, yana zaune a ciki aka zuba aka rufe, ya ja abarsa." Da ya gane abin da ya faɗa ya taimaki Bahago, sai ya yi tsaki. "Shi ma tsohon ya canja. Da, in ya shigo layin nan, kowa sai ya ɗaga masa hannu. Yanzu ka ɗaga masa hannu har kafaɗarka ta gaji, ya wuce ka kamar turke. Girman kai ya zo masa da tsufa."

"Ka ce girman kai?"

"To mene ne in ba shi ba?"

Dogo mugun baki gare shi, amma ba shi da hannu a wannan.

* * *

Gidan Baba Direba ba nisa. Ina shiga na yi karo da tulin farin yashi a tsakar gida, irin na gini. Na ɗebi kaɗan na murza. Shi ne, sai dai wannan da 'yan tsakuwoyinsa.

"Na wane ne?" na tambayi Uwar Biyu.

"Na maigidana. Ɗaki zai ƙara."

Maigidan nata mai sayar da katifa ne, mutum mai tumbi da yawan gumi, tare suke zaune da tsohon. Da ya fito ya ga yashi a tafin hannuna sai ya sha jinin jikinsa.

"An ce ka sha cewa a sayar da motar nan," na ce.

"Na faɗa. Wurin da take kwana nake so in haɗa da ɗakin. Amma faɗa kawai na yi, Kawu."

"An kuma ce akwai ɗan koyo da ke satar tuƙa ta."

Uwar Biyu ta yi dariya duk da ɓacin ranta. "Wannan? Babur ma sai da addu'a yake hawa. Kuma makullin motar a wuyan Baba yake kwana, da igiyarsa. Ko ni ban isa in taɓa ba."

Na tambayi mijin ta ina ake zuba wa mota baƙin mai. Ya yi tunani, ya ce ai ta gefe ne, kusa da inda ake zuba fetur. Na dube shi da kyau in ga ko wasa yake yi da hankalina. Ba wasa yake ba, iyakar saninsa ke nan.

"Akwai abin da ya ɓata a gidan nan kwanan nan, ko aka same shi inda ba wurinsa ba?" na tambayi matar.

"Babu. Sai dai rariyar garina da na tsinta a bayan randa duk yashi. Tagwaye ne, na ja musu kunne, suna ta rantsuwa ba su ba ne."

"Ki ba su haƙuri," na ce. "Ina Baban?"

Ta nuna mini rumfar mota a bayan gida.

Ban yi gaggawar shiga ba, ƙasa na fara karantawa. Sawun takalmin tsohon bai bi tsakiyar hanya ba, jikin bango yake bi, taku gajere-gajere, kuma yatsun ƙafa ne ke fara sauka kafin dunduniya. A jikin bangon, daidai ƙugu, akwai dogon layi da hannu ya goge har ya yi duhu. A ginshiƙin ƙofar rumfar kuma akwai fentin mota, ba wuri ɗaya ba, ba wuri biyu ba.

Yana zaune a kan kujera a inda motar ke tsayawa. Na je gabansa ban yi magana ba, na miƙa masa hannu. Rana tsaka, haske ko'ina. Hannuna ya daɗe a miƙe.

"Direba," na ce.

Ya zabura, ya lalubo hannun nawa. "Mai Sawu. Tunani ya ɗauke ni, ban lura ba."

Sa'ana ne, tun muna samari na san shi, lokacin da yake hango rami a titi tun kafin yaran motarsa su ga titin. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma na ji haushinsa, duka a lokaci guda.

"Na ga sawu," na ce.

"Na wa?"

"Na mutumin da ya san injin nan kamar yunwar cikinsa. Da na ɗauka da dare ya yi aikin."

Sai ya ce, "Mota ta tsufa, Mai Sawu. Na ce a bar ta ta huta, ba a ji ba."

"Mota za ta huta. Yaron nan fa? Da yamma za a sa wa rumfarsa kwaɗo."

Ya sa hannu a wuya ya damƙe makullin ta cikin riga.

"Ni ba zan kira sunan kowa ba," na ce. "Zan nuna abin da na gani, in tsaya. Amma ka san mutanen layi, in ba a ba su suna ba, wanda ke hannunsu za su riƙe."

Na fito na bar shi. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Mutumin da ya yi rayuwarsa bai taka kaza ba, ba zai iya taka mutum ya yi barci ba.

* * *

Da yamma layin ya sake cika, har da waɗanda ba su san kan zancen ba. Uwar Biyu ta zo da mijinta, tsohon yana biye da ita dab da dab, kamar mai jin kunyar jama'a. Aka ba shi benci. Ciyaman ya zauna a kan tsohuwar taya, kwaɗo a cinya.

Na sa aka ɗora murfin injin a kan tebur a tsakiya, na nuna musu sawun biyu, na hagu a ƙasa, na dama a kansa. Na ce, "Wanda ya zo daga baya shi ya zuba yashi. Bahago, nuna mana marfin zuba mai, kada ka taɓa."

Ya miƙa hagunsa kai tsaye.

"Dogo."

Dogo ya nuna da ƙaton yatsansa yana hura hanci. Na sa ya ɗora hannu a sama da sawun, kowa ya ga ya rufe shi ruf har da saura.

Mijin Uwar Biyu ya zo, ya zagaya teburin yana gumi, ya nuna wani noti. Aka yi dariya, ya koma yana share goshi.

"Shi ke nan," na ce. "Wanda ya yi aikin nan da dama yake aiki, ya san injin har ya san a tankaɗe yashi, kuma da lalube ya samu marfin. Ba Bahago ba ne. Na gama."

"Ka gama?" in ji Ciyaman. "Ina sunan?"

"Ban zo da suna ba."

Sai surutu ya tashi. Dogo ya ce ai bahago ma yana da hannun dama, ba yanke masa aka yi ba. Wani ya ce wa ya san injin kamar wanda ya buɗe shi. Ciyaman ya miƙe yana girgiza kai, ya ce, "Mai Sawu, yau dai sawunka ya ɓace a ruwa." Ya nufi ƙofar rumfar, ya buɗe kwaɗon. Bahago ya dube ni, fuskarsa ta yi fari. Ni kuwa ko gezau, benci nake kallo.

Ƙarar buɗe kwaɗon ce ta tayar da tsohon.

"Ciyaman, dakata," in ji Baba Direba. "Ba a kira ni ba."

"Haba Baba, kai da motarka?"

"A kai ni gaban teburin."

Ba wanda ya gane me yake nufi da a kai shi, don teburin yana gabansa. Uwar Biyu ta kama gefen rigarsa tana mamaki, ya bi ta. Da cikinsa ya taɓa bakin teburin sai ya miƙa hannun dama, ya samu bakin murfin na gaba. Yatsunsa suka fara tafiya. Suka tsaya a notin farko, suka ja jiki, suka tsaya a na biyu. Suna bin tsohon sawun daidai, ba su kauce ba, har suka iso marfin suka zagaye shi.

Layin gareji, inda ko da yaushe ake bugun ƙarfe, ya yi tsit.

"Ni ne," ya ce. "Na tankaɗe da rariyarki, Uwar Biyu. Ki ba yaran haƙuri."

"Baba," ta ce, "motarka fa?"

"Idona ya tafi. Ya daɗe yana tafiya. Da gefe-gefe ya fara, yanzu inuwa kawai nake gani. Hanyar makaranta da ka nake bin ta, ina rarrafe, ƙafa a kan kuloci. Ran nan ina ɗauke da su, sai ta macen ta ce, Kaka, ga mutum. Na taka birki. Mace ce da goyo, har hannunta ya dafa bonet. Ban gan ta ba. Ko alama ban gani ba."

Uwar Biyu ta toshe baki da mayafi.

"Washegari da safe kika sake miƙo mini su, kina cewa ai in suna hannun Baba hankalinki kwance yake. Na buɗe baki in faɗa, ya ƙi fita. Duk garin nan da ido aka san ni. Sai na ga gara a ce mota ce ta mutu." Ya juya fuska wajen da yake zaton Bahago yake, ya ɗan kauce kaɗan. "Ban san za a buɗe cikinta a karanta ba. Ban san akwai mai duba inji haka ba. Da safe ina zaune a nan ana zaginka, na yi shiru. Wannan ya fi zuba yashin muni. Ka yafe mini, ɗana."

Yafewar ba ta zo wa Bahago da sauƙi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Tun safe ake yanka naman jikinsa a gaban jama'a. Daga baya ya matso inda tsohon ke kallo, don maganar ta same shi daidai.

"Na yafe, Baba."

Ciyaman ya rufe kwaɗonsa ya zura a aljihu, ya yi gyaran murya, ya ce ai shi dama bai yarda da zancen ba tun farko. Dogo ya tuna yana da ƙofar da bai gama waldawa ba. Na ce masa ya tsaya, akwai abin da ya manta, ya dawo ya ba Bahago hannu yana kallon ƙasa.

"Injin fa?" Uwar Biyu ta tambaya tana share ido. "Zai tashi?"

"Zai tashi," in ji Bahago. "A kai karanshaf a goge, a sa sabon metal da famfon mai da faifan kuloci, a wanke hanyoyin mai tas. Bangon silinda lafiyarsa lau. Wanda ya riƙe shi ya riƙe shi da kyau."

"To ka haɗa shi. Ni zan koya. Baba zai zauna a gefena, ai kunnensa na nan. Gobe kuma asibitin ido za mu, ko yana so ko ba ya so."

Tsohon ya cire igiyar daga wuyansa. Ya daɗe yana murza makullin a tafin hannu, sannan ya miƙa shi cikin iska, 'yarsa ta karɓa. Na ga ta miƙa hannu za ta kama shi, sai ya girgiza kai.

"Bahago," ya ce, a gaban duk mutanen da suka san shi da ido, "akwai ƙarafa a ƙasa, ba na ganinsu. Kama hannuna ka fitar da ni."

Bahago ya goge hagunsa a jikin wando, ya kama shi. Suka bi tsakiyar layin a hankali, jama'a na darewa, yana gaya masa inda zai ɗaga ƙafa. Rumfar kuwa a buɗe ya bar ta, ko waiwaye bai yi ba.